Ina son in karanci shugabanci, Baba ya ce kemistiri ya tura ni yi

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a wata jami'a a nan Kaduna, ina karanta kemistiri. Tun ina sakandare nake riƙe muƙamai, kuma a raina na san harkar jagorancin mutane ta fi kwanta mini a kan zaman ɗakin gwaji. Abubuwa uku ne suka sha mini kai. Ina son in sauya sashe in koma kimiyyar siyasa, don a can nake ganin ake koyon shugabanci. Sannan akwai wasu da ke shirya bitar kwana uku a wani otal, naira dubu 40, za su ba da satifiket na shugabanci, ƙawayena har sun biya. Na uku, 'yan ajinmu sun matsa mini in tsaya takarar mataimakiyar shugaban ƙungiyar ɗaliban tsangayarmu. Ba zan ɓoye miki ba, yawan taruka ya taɓa mini karatu. Na gama aji ɗaya da maki 3.6, bayan zangon farko na aji biyu na dawo 3.1. Da Baba ya ga sakamakon sai ya ce shi kemistiri ya tura ni yi, shugabanci baiwa ce ba a koyonsa a aji, kuma a addini ma mai nemansa ba a ba shi. Ya ce kada ya ƙara jin maganar. Anti, da gaske ba a koyon shugabanci? Yaya zan yi?

'Yarki daga Kawo

Wa alaikumus salam 'yata. Bari in ba ki amsar a dunƙule kafin mu warware ta. Kada ki bar kemistiri. Dubu 40 ɗin nan ki bar ta a aljihun Baba. Takara kuwa ban hana ki ba, amma ba wannan kujerar ba, kuma ba bana ba.

Maganar cewa ba a koyon shugabanci, Baba ya gafarce ni, ban bi shi a nan ba. Tun ƙarshen ƙarni na 15, a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, Shehu Maghili ya rubuta masa abin da ya wajaba a kan mai mulki, kuma abin da malamin ya yi ta nanatawa shi ne tushen kowace masifa sarki ya ɓuya wa talakawansa. Bayan jihadi, Umaru Dallaji yana kan gadon Katsina ya nemi Muhammadu Bello ya rubuto masa ƙa'idojin mulki, ya kuwa rubuto masa guda bakwai. Mutumin da ya ci gari da yaƙi bai ga ya fi ƙarfin a karantar da shi yadda ake riƙe garin ba. Da baiwa kaɗai ta isa, da bai ɓata tawadar kowa ba.

A zamanin boko ma jiharmu ce cibiyar wannan karatu. Abin da ya zama cibiyar koyar da harkokin mulki ta Kongo a Zariya ya fara ne a 1947 a matsayin wurin horar da akawuna. An kafa NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, a nan Kaduna a 1964, kwalejin manyan hafsoshi ta Jaji a 1976. A 2018 gwamnatin jiha ta buɗe shirin horar da matasa da aka sa wa sunan Kashim Ibrahim, ta fara da mutum 16. A waje kuwa har digiri ake yi a kai: jami'ar Richmond a Amurka ta buɗe makarantar nazarin shugabanci ga masu digirin farko a 1992, jami'ar Ashesi a Gana kuma, ko kwamfuta ɗalibi ke karantawa sai ya bi ta darussan shugabanci kafin ya fita.

To amma ki duba su wane ne ke zaune a waɗannan azuzuwan. Rumfa yana da Kano a hannu lokacin da aka rubuta masa. Wanda ake turawa Jaji ya riga ya riƙe sojoji, ya san zafin ba da umarni a ƙi bi. Ɗalibin NDA digiri yake yi irin naki, akwai ma sashen kemistiri a can, shugabancin kuwa a filin fareti yake koyonsa, inda ake damƙa masa na ƙasa da shi, in suka yi laifi shi a hukunta. Shirin Kashim Ibrahim waɗanda suka gama digiri ya ɗauka, ya kuma tura su ma'aikatu su yi aiki. Ko'ina karatun yana manne ne da wani nauyi da mutum ke ɗauke da shi. A nan ne maganar Baba take da gaskiya: aji shi kaɗai ba ya yi. Wanda ya ce zai koya miki shugabanci a zauren otal cikin kwana uku, kamar mai koya miki tuƙin tuwo ne a kan allo, ba tukunya, ba wuta, ba masu jiran su ci su yi ƙorafi.

Wannan ya kawo mu kan sauya sashe. Kimiyyar siyasa ilimi ne mai kyau, amma abin da take koyarwa shi ne yadda mulki ke gudana: tsarin mulki, jam'iyyu, zaɓe, dangantakar ƙasashe. Ba ta ɗauki alkawarin mayar da kowa shugaba ba, kuma malamanta ba su taɓa cewa ta ɗauka ba. Ki tambayi kanki me shugabannin da kika sani suka karanta. Sardauna da Tafawa Ɓalewa aikin malanta aka koya musu a kwalejin Katsina. Balarabe Musa akanta ne. Dakta Hadiza Balarabe, da aka zaɓa mataimakiyar gwamna a 2019, likita ce, kuma hukumar kiwon lafiya matakin farko ta jiha ta riƙe kafin nan. Zainab Shamsuna Ahmed, da ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya daga 2018 zuwa 2023, lissafin kuɗi ta karanta a ABU. Wanda ya fi kusa da ke kuwa shi ne marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Kemistiri ya karanta a ABU, ya yi digiri na biyu a kansa, ya koyar da shi a Zariya da Katsina, sannan ya yi gwamna shekara takwas ya zama shugaban ƙasa a 2007.

Misalin da na fi so ki riƙe shi ne na Dora Akunyili. Da aka ba ta hukumar NAFDAC a 2001, abin da ya sa masu jabun magani suka kasa yi mata wasa da hankali shi ne ita masaniyar haɗa magunguna ce. In aka kawo mata sakamakon gwaji ta san abin da take kallo. Ƙarfin hali tana da shi, amma ƙarfin halin da ba sani a bayansa, 'yan ƙasa da ke a ofis su za su riƙa juya ki, ki sa hannu kan abin da ba ki fahimta ba. Ƙasar nan tana da matatar mai, da hukumomin ruwa, da masana'antun taki, da hukumomin kula da abinci da muhalli. Duk suna bukatar shugaban da ya san sinadari. Masu iya jawabi kuwa ba mu taɓa rasa su ba.

Har wa yau sauya sashe ba kyauta ba ne. Sau da yawa sai an mayar da mutum baya da aji, sai darussan da ya ci a sakandare sun dace da sabon sashen, sai kuma sashen ya yarda ya karɓe shi. Ke da kike neman Baba ya sassauta, ki je masa da labarin ƙarin shekara da ƙarin kuɗin makaranta?

Hadisin da Baba ya jingina da shi ingantacce ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori Abdurrahman ɗan Samura da kada ya nemi shugabanci, domin wanda aka ba don ya nema akan bar shi da shi, wanda aka ba ba tare da nema ba akan taimake shi. Kada ki yi jayayya da Baba a kan wannan. Sai dai malamai sukan ajiye shi kusa da aya ta 55 a Suratu Yusuf, inda Annabi Yusuf ya nemi a ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi hujjarsa: shi mai tsarewa ne, masani. Amana da sanin aiki ya gabatar. Ki auna kanki da wannan ma'auni. Me kika tsare da za a shaida? Me kika sani da na kusa da ke bai sani ba? In amsar ita ce mutane suna son ki kuma kin iya magana, to da sauran aiki.

Amanar farko da ke hannunki ita ce makin nan, kuma ina so ki yi lissafin da kanki. Daga 3.6 ki sauko 3.1 a zango guda, ma'anarsa a zangon da ya wuce abin da kika samu bai wuce 2.1 ba. A ma'aunin maki biyar, digiri mai daraja ta biyu babba daga 3.50 yake farawa. In muka ƙaddara zanguna takwas ne kuma nauyinsu ɗaya, sauran biyar da suka rage miki sai kin riƙa samun kusan 3.75 a kowanne kafin ki koma can. Abu ne mai yiwuwa, tunda kin taɓa kusantar haka. Amma in kika sake yin zango ɗaya irin na baya, abin da za a nema daga gare ki a huɗun ƙarshe zai haura 4.1. Taura biyu ba ta taunuwa, 'yata. Kuma ƙofofin da kike hange su ma makin suke tambaya. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa don masu alamar shugabanci, akasari digiri mai wannan darajar yake nema, da shekara biyu ta aiki, sannan a ce ki rubuta abin da kika taɓa jagoranta da yadda ya ƙare. Ba a tambayar satifiket nawa kika tara.

Bitar otal ba sai na daɗe a kanta ba. Ban ce duk masu shirya irin wannan 'yan damfara ba ne, wasu da kyakkyawar niyya suke yi. Ki dai yi musu tambaya biyu: akwai wanda ya taɓa biya ya zo aka hana shi satifiket don bai cancanta ba? Kuma wa zai sake duba ki bayan wata uku ya ga ko wani abu ya sauya? In amsar farko babu, ta biyu ma babu, to rasidin kuɗi ne aka buga masa ado. Hoton da za ki ɗauka a wurin shi ne mafi yawan ribar.

Abin da kike nema, kaso mai yawa yana cikin kuɗin makarantar da Baba ya riga ya biya. Darussan gama-gari da ɗalibai ke gudu, su aika a sa musu hannu, a cikinsu akwai na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, da na falsafa da hujja, da na zaman lafiya da sasanta rikici, da na kafa sana'a. A wani gari mutum zai iya ɗaukar darasin sasanta rikici abin cike gurbi. A Kaduna ba haka ba ne. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 a harabar kwalejin ilimi ya faro, tsakanin ɗalibai, kafin ya watsu har Zariya da Kaduna. Bayan na 2000 da na 2002 kin ga yadda garin ya rabu, kogi ya zama iyaka, wasu suka tattara suka koma kudu wasu arewa. Jami'a na cikin wurare ƙalilan da ɗan Tudun Wada da ɗan Sabon Tasha ke zama a benci ɗaya kullum. Duk wadda za ta shugabanci ɗaliban tsangaya a garin nan, ranar da za a gwada ta ita ce ranar da aka sa taro ya ci karo da sallar Juma'a ko da zuwa coci, ko ranar da wani ya rubuta magana marar daɗi a zauren WhatsApp na aji da tsakar dare. Ki nemi tarihin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yi gaba da juna, Faston ya rasa hannu, Imam ɗin ya rasa malaminsa da 'yan uwa, suka dawo suka kafa cibiyar sasanci tare a 1995. Abin da suka sani ba a zauren otal suka samo shi ba, kuma a garinku suke.

Ki kuma yi amfani da garin. Gidan Sardauna da ke titin Rabah, wato Arewa House, ya zama cibiyar bincike ta ABU, akwai ɗakin karatu da kayan tarihi. Ki ware wata rana ki je. Ki nemi izinin shiga Lugard Hall ki kalli zaman majalisar jiha, ki ga yadda ake gabatar da ƙuduri da yadda ake kashe shi. Sannan ga aikin gida da nake ba ki: ki karanta abin da ya faru da Balarabe Musa daga Oktoban 1979 zuwa Yunin 1981. Gwamna ɗan jam'iyyar PRP, majalisa a hannun jam'iyyar NPN, suka ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi mulki ba majalisar zartarwa, a ƙarshe suka tsige shi, ya zama gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan. Ko abokan hamayyarsa ba su cika musun tsantseninsa ba. Tambayar ita ce: ina ya kamata ya sassauta, ina ne sassautawa za ta zama cin amana? Har yau dattawan Kaduna ba su daidaita a kan amsar ba. Ki rubuta taki a shafi biyu, ki kai wa wani malamin tarihi ko na siyasa ya yi miki kaca-kaca da ita. Malamai sun fi son irin wannan ɗalibar fiye da yadda kike zato, ko da ba 'yar sashensu ba ce.

Saura kujera. Mataimakiyar shugaba muƙami ne mai daɗin faɗa da kyan fosta, amma a yawancin ƙungiyoyin ɗalibai aikinsa zama kusa da shugaba. Shi ya sa ake yawan tura mata can, a ce an dama da su. In makinki ya farfaɗo, a aji uku ki nemi ma'aji ko sakatariya, kuma ta ƙungiyar sashenku, inda kowa ya san kowa. Ma'aji ita ce za ta bi mutane suna gudun ta don kuɗin ƙungiya. Ita ce ƙawarta ta kusa za ta zo wa da hawaye tana neman rance daga asusun, za ta biya ƙarshen wata. Ita ce shugaba zai ce wa ta ba shi kuɗin hayar kujeru, rasidi ya biyo baya, kuma ba zai biyo ba. Ranar da kika iya ce wa waɗannan biyun a'a ba tare da kin rasa su ba, kin koyi abin da wasu kwamishinoni ba su koya ba. Ki buɗe littafi, kowace naira da ranarta da sa hannu, ki riƙa liƙa bayanin shiga da fita kowane wata inda kowa zai gani tun kafin a tambaye ki. Sakatariya kuma ita ke rubuta abin da aka yanke a taro, ta gano cewa mutum goma sun tashi da fahimta goma, ta koyi bin kowa da abin da ya ɗauka zai yi. Aiki ne marar armashi, babu mai yi miki tafi. Ki kuma duba kundin ƙungiyar tun yanzu, don jami'o'i da dama suna sa sharaɗin maki kafin a sayar wa mutum fom.

Abu biyu ki kiyaye in kin shiga. 'Yan siyasar gari suna son shugabannin ɗalibai, musamman in zaɓe ya ƙarato. Za a kira ki "shugabar gobe", a ba ki ambulan, a ce ki kawo ɗalibai mota biyu wurin taro. Tun da dokar 2018 ta rage shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25, kina da hanyar shiga da ƙafarki nan da 'yan shekaru, kada ki shiga a matsayin mai kawo mutane. Na biyu, ke mace ce, kuma bakin mutane ba ya yi wa mace adalci. Taron dare da taron ɗakin otal, ki ce ba kya zuwa tun ranar farko, a gaban kowa, don ya zama ƙa'ida ba wulaƙanta wani ba. Ki ga taron zai dawo rana, a cikin makaranta, kuma sauran matan za su gode miki a ɓoye.

Baba ya ce kada ya ƙara jin maganar, to kada ya ji ta a zangon nan. Ki janye daga tarukan, ki gaya wa 'yan ajinku gaskiya cewa makinki ne ya faɗi. In hannunki yana ƙaiƙayin riƙe wani abu, ki tara 'yan aji ɗaya biyar ko shida da kemistiri ke ba wuya, ki riƙa yi musu bita sa'a ɗaya a mako. Za ki sha fama da mai makara da mai son a yi masa aikin gaba ɗaya, kuma naki karatun zai ƙara zama. Idan sakamako ya fito ya yi kyau, ki fara nuna wa Mama, ki bar ta ta zaɓi lokacin da Baba yake cikin nishaɗi. Ki kai masa takardar da hannunki, ki ce kin bar maganar sauya sashe da ta bitar, abu ɗaya kike roƙo: ya yarda ki riƙe littafin kuɗin ƙungiyar sashenku, da sharaɗin duk zangon da kika sauka ƙasa da 3.5 ki ajiye da kanki. Ki roƙe shi ya riƙa duba miki littafin ƙarshen kowane wata. In ya ce a'a, ki yi haƙuri ki ci gaba da bitar 'yan aji ɗaya, ki sake gwadawa bayan sakamako na gaba.